Macijin da Na Yi wa Kiwon Rago

In aka zo maganar kiwon rago a unguwarmu da ke Gadarif, ƙofata ake ƙwanƙwasawa, kuma ba cika baki nake yi ba. Shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a, ban da noman dawa da riɗi. Akwai mutumin da yake tasowa daga Hawata duk shekara kafin Babbar Sallah, ba don ya saya ba, don kawai ya dafa bayan ragona ya girgiza kai. Na san yawan umbaz ɗin da rago zai ci, wato tunkuzar riɗi da muke samu wajen masu matsar mai, na san lokacin da za a ƙara masa dusa da kanwa, in kuma na kama gindin wutsiyarsa zan gaya maka kitsen da ke jikinsa tun kafin wuƙa ta gaya maka. Ina faɗin wannan ne don a san cewa abin da na yi wa macijin nan ba rashin sanin dabba ne ya jawo ba. Sanin ne ya yi mini yawa, ga kuma wani abu da na daɗe ina dannewa a ciki.

Macijin na 'yata ne, 'yar farina. Sai dai in ka tambayi mutanen unguwa, rabinsu za su ce maka 'yar Yayana ce. Ranar da aka yaye ta, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta goya ta ta kai gidan Yaya da ke maƙwabtaka da mu, domin shekara shida da aurensa Allah bai ba shi haihuwa ba. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban buɗe baki ba. Haka kakanninmu suka taho da abin daga yamma a kan hanyarsu ta Makka, haka muka riƙe shi: uba ba ya nuna ɗan fari nasa ne, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Yarinya ta tashi tana ce wa Yaya Baba, ni kuma Baffa. Shi ya riƙa kai ta makaranta a kan keke, shi ya raka ta Khartum da ta samu karatun likitan dabbobi. Ni nawa in ji labari a wajen shan jabana, gahawarmu mai citta, in ce masha Allah, kamar wani maƙwabci mai kirki. Da ta fara karatun likita na ji daɗi ƙwarai, domin na samu sunan da zan iya kiranta da shi ba tare da an kalle ni ba. Daktora nake ce mata.

Da Khartum ta rikice mutane suka yi ta kwararowa garinmu, ita ma ta iso bayan kwana huɗu a hanya. Kowa ya tsere da abin da ya fi so, wani takardun gida, wata awarwaron zinari. Ita robobin abinci biyu ta rungumo, an huhhuda murfinsu da ƙusa. Matar Yaya ta buɗe ɗaya tana zaton dabino ne, ihun da ta kurma har bakin titi an ji shi.

'Yan macizai ne guda biyu, kowanne bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, kaurinsa bai kai ƙaramin yatsana ba, baƙi da fari zobe-zobe tun daga wuya har wutsiya. Daktora ta ce tana taimaka wa wani mai sayar da tsuntsaye da irin waɗannan dabbobi, ƙwan suka ƙyanƙyashe ana cikin tashin hankali, mai kanti kuma ya riga ya bar gari. Ta ce daga ƙetare aka kawo iyayensu, ba su da dafi ko kaɗan, kuma a can ana ce musu sarkin macizai saboda sauran macizai suke ci. Shi ya sa ba a haɗa biyu a akwati ɗaya, ko da uwa ɗaya ce ta saka ƙwansu. In ka haɗa, wata safiya za ka tarar da guda ɗaya, ya yi ƙiba.

Wata biyu tana gida, sannan ta samu aikin duba dabbobin mutane a wajajen Umm Rakuba. Can ba wurin ajiye maciji ba ne. Muna zaune a ƙarƙashin rumfar Yaya ana maganar, matarsa ta kafe.

"Ɗaya na yarda, khalas," in ji ta. "Amma biyu, la. Gidan mutane ne wannan, ba gidan gardi ba."

Na ajiye kofina, na kalli Yaya, ba ita yarinyar ba, na ce, "A kawo ɗayan wajena. Wanda ya iya rago ai igiya ba za ta gagare shi ba."

Maiɗakina da ta ji labari ba ta yi ihu irin na matar Yaya ba. Ta dube ni ta ce, "Kai da har da ƙadangare kake gaba? Ba don maciji ka karɓa ba, mu dai mun sani." Na ce ta kama bakinta, ta kama, amma ta ce ba zai kwana a ɗakin da take kwana ba.

Daktora da kanta ta zo ta shirya masa wuri a ƙaramin ɗakin da muke ajiye randar ruwa, saboda ya fi ko'ina sanyi, zafin Gadarif kuwa ta ce zai iya kashe shi a cikin akwatin gilashin da ta samo masa. Ta shimfiɗa takarda a akwatin, ta sa ƙoƙon ruwa, ta kife tsingaron tukunya don ya samu maɓoya. Tun da aka yaye ta ba ta taɓa daɗewa a gidana kamar ranar ba, kuma ni take wa magana, ba wani ba. Na yi tsaye hannuwana a baya ina saurare kamar ɗalibi.

"Baffa, jinjirin ɓera ɗaya duk kwana shida, bas, kada a ƙara," in ji ta. "Kada ɓeran ya fi tsakiyar jikinsa kauri. In ya ci, kada a taɓa shi sai bayan kwana biyu. In ka ga idonsa ya yi hazo, saɓa zai yi, ko ya ƙi abinci ma fi mushkila, ba matsala. Kuma wannan dabba kullum za ta nuna maka yunwa take ji. Kada ka yarda da ita."

Na ce, "Tamam." A raina kuwa cewa na yi yarinya za ta koya mini ciyar da dabba, ni da na yi kiwo tun ba a haife ta ba.

Ta bar fararen ɓeraye masu haihuwa a keji, ta kuma bar ɗan ƙaramin mizani mai batir irin na masu sayar da zinari. Duka biyun a gidan Yaya ta bar su, ina kuwa za ta bari? Saboda haka duk kwana shida sai in je in karɓo jinjirin ɓera jajir, ko gashi babu, duk Asabar da safe kuma in ɗauki macijina a roba in kai rumfar Yaya a auna. Dattawa biyu masu furfura, ga jabana tana tafasa a kan gawayi, mun sunkuya muna karanta lambar mizani. Yaya yana rubutawa a bayan kalanda, ya tura mata ta waya in ya samu network.

Makonnin farko tafiya ɗaya suke yi, yau nasa ya ɗara, gobe nawa. Sai wata Asabar na tarar Yaya ya shimfiɗa wani abu a kan tire, bakinsa har kunne. Nasa ya yi saɓa, ta fito guda tun daga hanci har ƙarshen wutsiya, har da wurin idanu, ba ta yage ko'ina ba. Ya riga ya tura mata hoto, ta kuma amsa da murya. Ya kunna mini.

"Mabruk ya Baba! Saɓa guda haka, wallahi hannunka da albarka. Na san dama ba zan ji kunya ba. Ka gaida mutanen gida."

Sau biyu ya kunna, na biyun har da ƙara sauti. Ni ina cikin mutanen gida. Aka ɗora macizai a mizani, nasa giram ashirin da huɗu, nawa ashirin da ɗaya. Giram uku, abin da ko dabino ɗaya ya fi shi nauyi. Na sha jabanar nan ban ji citta ba, ban ji sukari ba. Kishi ne ya kama ni, ba zan sa masa wani suna ba. Yaya mutum ne da a rayuwarsa bai taɓa kiwata ko kaza ta yi kyan gani ba. Ragon layyarsa ni nake zaɓa masa. Shekara ashirin da huɗu yana karɓar gaisuwar da tawa ce, ban ce uffan ba, yanzu kuma har a kan dabba, fagen da kowa ya san nawa ne, shi ne mai hannu da albarka? Na yi alwashi a raina cewa in ta dawo hutun Babbar Sallah, wata huɗu masu zuwa, sai ta ɗaga nawa ta faɗi irin wannan magana, da bakinta, a gaban Yaya.

Hanya kuwa ba ta yi mini wuya ba. Ina da ɗakin ajiya cike da buhunan dawa, inda akwai dawa kuma akwai ɓera. Na ɗaga buhu uku na samu sheƙa, jarirai bakwai a ciki. Na kawo ɗaya, kwana biyu kacal bayan ya ci na gidan Yaya. Ko shakka bai yi ba. Ya zaro harshe, ya cafke, ya haɗiye, ya ɗago kai yana duban hannuna ko da saura. Na ce yauwa, ashe yunwa ake gana maka. Dokar da na sani ke nan a kiwo: dabbar da ta karɓa a ba ta, wadda ta ƙi ita ce abin tsoro.

Daga nan na koma duk kwana uku. Sannan biyu-biyu a lokaci guda. Sannan na fara ba shi waɗanda gashi ya soma tsiro musu. Ranar karɓar farin ɓera kuma ba na fashi, ina zuwa gidan Yaya in karɓa da bismilla kamar shi kaɗai ne abincin. Abu ya yi kyau yadda nake so. Cikin wata guda na kamo Yaya, cikin wata biyu na bar shi a baya. Asabar ta zama ranar da na fi so a mako, har sabuwar jallabiya nake sawa.

Wata rana Yaya ya ɗaga nawa ya jujjuya shi a haske. Ya ce, "Ya zol, mutumina, me kake ba shi?"

Na ce, "Abin da kake ba naka. Hannu ne ya bambanta."

Ya ce, "Anya? Dubi nan, fata na leƙowa tsakanin ɓawon jikinsa. Ita fa ta ce shuwayya shuwayya, sannu a hankali, ake so su girma. Bari in ɗauki hotonsa in tura mata."

Na karɓe macijina na ce ba za a tura hoton komai ba, da idonta nake so ta gani, lambar mizani ma a daina tura tawa. Har na ƙara da cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ni, wai ni nake gaya wa wani wannan magana. Yaya ya yi dariya ya ce Allah ya ba da sa'a. Shi haka yake, ba ya jan magana, kuma wannan sanyin halin nasa ya fi komai ƙona mini rai, domin ko gasar da nake yi da shi bai san ana yi ba.

Ba zan ce ban ga alamu ba. Da can macijin yakan zagaya akwati, ya hau gefen gilashi ya zamo, ya sake hawa. Yanzu sai ya wuni kwance a ƙarƙashin tsingaro, rabin jikinsa a waje don wurin ya yi masa kaɗan. In ya naɗe, gefensa yakan yi ninki. Saɓarsa ta biyu guntu-guntu ta fito, sai da na jiƙa tsumma na taya shi cirewa, ban kuma kai wa Yaya a tire ba. Duk wannan na gani da idona, amma idon mai rago ne. Rago in ya ƙoshi kwanciya yake yi yana tuƙa, ninkin kitse kuma shi mai saye yake nema.

Akwai wata dabara da duk mai sayar da rago ya sani, ko da ba zai faɗe ta a ƙofar masallaci ba. Jajiberin kasuwa a ba rago kanwa da gishiri, da safe ya sha ruwa ya yi tim, ya shiga kasuwa cikinsa a cike. Ni ban taɓa yi wa ragona haka ba, ina ma raina masu yi. Amma ranar da aka ce Daktora tana hanya, saura kwana biyu Sallah, na shiga ɗakin ajiya bayan la'asar na zaɓo ɓera mai gashi sosai, wanda ya fi tsakiyar macijin kauri nesa ba kusa ba. Ya sha wuya kafin ya haɗiye. Da ya gama, tudun ya tsaya a tsakiyarsa kamar an cusa lemun tsami a safa. Na lissafa a raina cewa wannan kaɗai zai ƙara wa mizani abin da zai rufe wa kowa baki.

Ta sauka gidan Yaya da magariba. Da safe, ko kwana ɗaya cikakke macijin bai yi da abinci a ciki ba, na tura hannu na ciro shi daga maɓoyarsa, na sa a roba, na nufi rumfa ina sauri, roba na kaɗawa. Na tarar da ita zaune a bakin angareb, gadon nan na igiya, kusa da Yaya, ta rame ta yi baƙi saboda ranar daji, macijin Yaya yana zagaya yatsunta. Ta tashi ta gaishe ni, na amsa ina kallon gefe yadda aka saba. Sannan na buɗe roba na ɗaga nawa sama da hannu biyu, na ce, "Daktora, ga namu."

Ban ga murna a fuskarta ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, macijin ya riga ta. Jikinsa ya sandare a hannuna, ya fara murɗawa daga tsakiya zuwa sama, ya wage baki, ɓeran nan ya dawo waje a hankali, rabinsa ya narke, ya faɗo a kan tabarma kusa da tiren jabana. Warin da ya tashi ban taɓa jin irinsa ba, ni da na saba da garke. Matar Yaya ta toshe hanci da mayafi ta shige ciki.

Daktora ta karɓe shi daga hannuna, ta kwantar da shi a roba. Ta sunkuya ta dubi abin da ya amayar, ta juya shi da tsinke.

"Baffa, wannan ɓeran ba fari ba ne."

Ta ɗago ta dube ni.

"Daga ina?"

Na ce, "Makhzan." Haka muke kiran ɗakin ajiya.

"Tun yaushe?"

Na gaya mata. Ba wurin ɓoyewa, hujja na kan tabarma. Ta rufe ido na ɗan lokaci. Na san da wani ne ba ni ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba, domin an ce a wurin aiki ba ta raga wa kowa. Amma ni Baffa ne, sai ta yi magana a hankali, abin da ya fi zagi ciwo. Ta ce ɓeran ɗakin ajiya yana ɗauke da tsutsar ciki, kuma rabin maƙwabtanmu suna zuba maganin ɓera a nasu ɗakunan, Allah ne kawai ya tsare. Sannan ta ɗauko na Yaya ta miƙe shi a gefen robar don in gani.

"Dubi bayan wannan. Samansa a zagaye, gefensa a miƙe, kamar burodi. Ka taɓa, tsoka ce. Da ƙashin bayansa ya fito da tsini, da na ce yunwa. Yanzu dubi naka. Ya zama tiyon ruwa, ga kwarmi ya bi tsakiyar bayansa saboda kitse ya taso hagu da dama. Ga fata tsakanin ɓawo. Dubi wajen wutsiya, jiki ya zo da kauri sai ya yanke lokaci guda. Mizani shi kaɗai ba ya gaya maka lafiya, Baffa, sai ka haɗa da ido."

Na duba. Na Yaya, wanda nake wa dariya a raina ina ce masa tsintsiya, ya fi nawa tsawo da yatsa uku. Ni da kullum nake gaya wa masu sayen rago cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wata huɗu lamba kawai nake kallo.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Ai ci yake yi. Bai taɓa ƙi ba."

Ta ce, "Na gaya maka ba zai ƙi ba. Rago wata huɗu kake kiwonsa a yanka shi. Wannan shekara ashirin zai yi in an bar shi, da wannan kitsen kuwa ba zai kai rabi ba." Sai ta juya wajen Yaya, muryarta ta sauya ta koma ta 'ya da uba. "Baba, ma'alesh, yi haƙuri, a nemo wani akwati. Ka riƙe su duka biyun, ni zan lallashi Mama."

Yaya ya ce to. Ya miƙa hannu zai ɗauki robar.

Ban san lokacin da na dafe murfin ba. A gidanmu ƙani ba ya hana wansa abin da ya miƙa wa hannu, ni kuwa ban taɓa yi ba. Na kalle ta, ido cikin ido, na ce, "A bar mini shi. Na yi kuskure. A bar mini."

Yaya ya janye hannunsa ya hau gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Ita kuma ta daɗe tana kallona kamar yau ta fara ganina.

"Kwana goma sha huɗu ba abinci, sai ruwa," in ji ta. "Cikinsa ya ji rauni, in ya sake amai zai iya mutuwa. Bayan haka jinjiri mafi ƙanƙanta, fari, daga nan gidan. Zan ba shi maganin tsutsa kafin in koma. Kuma duk Juma'a bayan masallaci zan kira ka, kai da kanka, ka gaya mini abin da ya ci da abin da ka gani. Ba ni lambarka."

Ashe ba ta da lambata. Na karanta mata, ta rubuta.

Kwana goma sha huɗun nan sun fi mini azumin bazara wuya. Daga kwana na biyar ya warware ya fara bin gilashi, da ya ji motsina sai ya ɗago kai yana zaro harshe. Ni mutum ne da ba na iya cin abinci dabba na kallona da yunwa. Sau biyu na tsinci kaina a ƙofar ɗakin ajiya, na juyo. A ƙarshe na ba maiɗakina makullin na ce ta ɓoye, ta karɓa ba ta yi mini gori ba, Allah ya saka mata.

Juma'ar farko wayar ba ta wuce minti biyu ba. Ya yi amai? A'a. Yana shan ruwa? Yana sha. Tamam, sai Juma'a. Amma ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake riƙe mai saye. Na fara tanadin labari tun daga Asabar. Yadda ya shiga ƙoƙon ruwa ya kwanta, yadda idonsa ya yi hazo ranar Talata, yadda ya kai wa yatsana cafka ya ga ba ɓera ba ne ya saki. Damina ta sauka, sai na riƙa haɗawa da labarin ruwa da laka, da riɗin da muka shuka. Ita ma ta fara ba ni nata, wata saniya da ta take mata ƙafa, wani tsoho da ya ƙi a yi wa awakinsa allura sai an fara yi masa. Wata rana ta tambaye ni yadda ake gane rago mai tsutsar hanta tun kafin ya rame, na yi mata bayani kusan rabin sa'a, ta ce a jami'a ba a koya musu haka ba. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don daɗi. Ban gaya wa Yaya ko kalma ɗaya ba, wannan nawa ne.

Macijin kuwa ya yi yadda ta ce. Bai rame ba, tsawo ya riƙa yi har ya cim ma nauyinsa. Kwarmin bayansa ya shafe, ninkin ya tafi, ya koma hawan gilashi yana zamowa. Lokacin yankan riɗi ya yi saɓa, ta fito guda, har da wurin idanu. Na sa jikan maƙwabci ya nuna mini yadda ake tura hoto, na tura mata saɓar da macijin, daga sama da kuma daga gefe.

Ta kira ranar Juma'a, muryarta cike da murna. "Baffa, masha Allah! Wannan shi ne maciji. Wallahi yanzu ya fi na Baba kyan jiki, kada dai ka gaya masa. Ka iya, khalas. Ba sai na riƙa damunka kowace Juma'a ba."

Maganar da na yi wata da watanni ina farauta ke nan, ga ta a kunnena. Na ce, "To, Allah ya yi albarka." Ta ce amin, ta kashe.

Juma'ar da ta biyo na dawo daga masallaci na zauna a ɗakin randa, waya a kan gwiwata. Ina da labari, ya ci ranar Laraba, ya kuma tura murfin akwati da hanci har sai da na ɗora dutse. La'asar ta kusa, wayar ba ta yi motsi ba. Na yi tunanin in tura mata cewa ya ƙi cin abinci, na yi istigfari. Can na yi abin da ban taɓa yi ba, na nemo lambarta na danna da kaina. Aka ce tana kan wani kiran.

Na fito ƙofar gida in sha iska. Yaya na kishingiɗe a kan angareb a gindin dalbejiyarsa, waya a kunne, yana dariya har da tari. Da Daktora yake magana, kuma ba maganar maciji suke yi ba, wata hira ce kawai a kan takalmin da ta manta. Da ya hango ni ya ɗaga hannu.

"Ga ma Baffanki nan ya fito," in ji shi. Ya miƙo mini wayar. "Ungo, ku gaisa."

Akwai mutane uku a zaune tare da shi, duk sa'o'inmu, duk sun san ko 'yar wace ce. Na ji idanunsu a kaina.

Na ce, "A'a, ku ci gaba. Ka ce ina gaishe ta."

Na koma ciki na sauya wa macijin ruwa, ko da yake da safe na sauya.